Dutsen Mutum Uku

Litinin, 4 ga Maris

Sun yanke shawara. Za a kafa dutse a mararraba da sunayen 'Yan Ribbon ukun nan, 'yan ƙungiyar asiri ta manoma 'yan haya, da aka rataye a 1846. Cathal McTernan ne shugaban kwamiti, wa kuma, tunda ɗaya daga cikinsu kakan kakansa ne. Bayan coci jiya ya tare ni yana murmushi, wai kada in damu, ba za a rubuta sunan wanda ya ba da shaida a kansu ba. Sai ka ce alfarma ya yi mini.

Shekarata sittin da ɗaya. Tun muna firamare yake ce mini jikar maci amana, yanzu ya koyi faɗa da ladabi.

Alhamis, 7 ga Maris

Na shiga bas na tafi laburaren gari. Jaridun lokacin duk hotonsu aka adana a kan fim, sai ka yi ta juya hannun inji har wuyanka ya ƙage. Yadda suke rubuta mu ma abin haushi ne: dabbobi, 'yan ta'adda, malalata. Mai gona ya kori iyali tara 'yan haya cikin sanyi, layi biyu. An yanke wa saniyarsa wutsiya, rabin shafi.

Ban ga sunan Owen Gilheany, kakan Baba, ba tukuna. Baba har ya mutu yana cewa ƙazafi aka yi wa kakansa. Zan kawo takarda in liƙa wa Cathal a goshi.

Asabar, 9 ga Maris

Yaya Malachy ya ce in bar matattu su huta. Shi da ba ya shiga mashaya a ƙauyen nan shekara talatin saboda wannan maganar. Na ce masa shi ya huta.

Talata, 12 ga Maris

Na same shi. Zaman kotu na bazara, shafi na uku. Ba ƙazafi ba ne. Ya tsaya, ya ɗaga hannu, ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Na fita na zauna a mota... ba ni ma da mota, a kan dakalin tashar bas na zauna. Shayin da na saya ya huce a hannuna.

Laraba, 13 ga Maris

Na koma, don jiya ban karanta har ƙarshe ba.

Ba mai gona suka kashe ba. Ba wakilinsa ba. Duk rayuwata ana ba mu labari wai sun tsaya wa talaka. Wani makiyayi ne, Hugh Lunney, ya karɓi gonar da aka kori wani daga cikinta. Sun aika masa takardar gargaɗi da zanen akwatin gawa, shi kuwa bai iya karatu ba. Suka je suka cinna wa rufin ciyawarsa wuta. Ba ya gida. Matarsa Honor da jaririyarsu ke ciki. Jaridar ba ta ko damu ta rubuta sunan yarinyar ba.

Waɗannan za a yi wa dutse. Da makaɗa, da limamin coci, da gurasa da shayi a zauren taro.

To Owen ya yi daidai. Ya ga an ƙone mace ya faɗi gaskiya. Shekara ɗari da saba'in muna sunkuyar da kai saboda mutumin kirki ɗaya tilo da ƙauyen nan ya haifa.

Juma'a, 15 ga Maris

Na buga kwafi ashirin. Ranar taro kowa zai samu nasa.

Laraba, 20 ga Maris

Akwai wata jarida ta biyu ta lokacin a laburaren. Wace tsiya ce ta sa na duba ta.

Ita ta kawo tambayoyin lauya. Ya tambayi Owen yadda aka yi ya san fuskokinsu. Ya ce yana wurin. A ina? A bakin ƙofa. Yana yin me? Yana riƙe da ita daga waje.

Su huɗu ne. An rataye uku, na huɗun ya sayi wuyansa da bakinsa, ya dawo gida ya haifi 'ya'ya bakwai, har aka zo kaina.

Ina jin haushinsa. Ina jin haushin Baba. Ina jin haushin Honor ma, Allah Ya yafe mini, don me ba ta fasa taga ba. Wataƙila ɗakin ba taga.

Alhamis, 21 ga Maris

Na faɗa wa Yaya. Bai ɗago daga gyaran takalminsa ba. Ya ce Kaka ta gaya masa tun yana ɗan sha biyu. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini.

"Ke ce kaɗai a gidan nan kike tafiya kanki a sama, Attracta. Na ce a bar mana ko mutum ɗaya."

Na fita na bugo masa ƙofa.

Talata, 26 ga Maris

Taro. Na tafi da jaridu biyun duka. Har na shiga zauren ban san ko zan fito da ta biyun ba.

Na karanta ta farko. Matar Prior, 'yar kwamiti, ta ce ai lokacin yunwa ne, ba a hukunta mutanen da da idon yau. Na ce Honor ma yunwar take ji. Cathal ya miƙe, fuskarsa ja wur, ya ce daga bakin jikar wa za a ji wannan. Sai na karanta ta biyun. Da bakina, ƙofar da komai.

Na ce idan jarumai ne, a sa Owen, tare suka je. Idan ba jarumai ba ne, a sa matar.

Ba wanda ya kalle ni wajen shan shayi. An ɗage magana zuwa wata mai zuwa. Matsorata.

Asabar, 30 ga Maris

Cathal ya zo gida. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin shinge yana murza hularsa. Ya ce ya karanta jaridar farko tun shekara goma da suka wuce, ya rufe injin ya tafi. Ta biyun bai taɓa gani ba.

"Ni da na samu wannan a kan namu, da na ƙone ta," in ji shi.

Na ce ƙonawa ai gadonmu ne, ni da shi. Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Ya ce littafin baftisma na cocin tsohuwar unguwa yana nan, wataƙila sunan jaririyar na ciki. Wai ranar Talata zai je wajen, kuma bas ba ya bi ta can.

Na ce zan yi tunani.

Talata, 2 ga Afrilu

Sunanta Sabina. 'Yar wata huɗu.

Shi ya fara gani, ya sa yatsa a ƙarƙashin layin, ya kasa karantawa, ni na karanta.

Har yanzu mutumin banza ne, kuma tuƙinsa abin tsoro. A hanyar dawowa ya tsaya ya saya mana soyayyen kifi da dankali. Na ci ne don yunwa.