Ƙwayar Baba da Kokon Hajiya Mariyatu

Litinin, 3 ga Maris, 1986

Tansiyon Baba, wato jininsa, ya hau. Likita ya rubuta masa ƙwayar da ke buɗe jijiyoyin jini. Na yi masa misali da tiyo: in ya yi faɗi, ruwa ba ya matsa shi. Ya ce, "Zaituna, farmasi na tura ki karanta a Dakar ko aikin famfo?" Tun rasuwar Inna bai tsokane ni ba sai yau.

Juma'a, 7 ga Maris

Jinin ya sauka. Baba ya miƙe daga sujada da garaje, jiri ya kwashe shi. Na ce a riƙa tashi a hankali, Allah ba ya sauri.

Talata, 11 ga Maris

Ya kira ni ɗaki, ya tura ƙofa. Wai da Hajiya Mariyatu mai koko ta yi sallama da kokon safe, sai zuciyarsa ta hau bugawa kamar gangar 'yan rawar jam'iyya, fuska ta ɗau zafi. "A shekaruna, 'yar nan?"

Ƙwayar ce. Yana sha bayan asuba, jijiyoyi su saki, jini ya sauka, zuciya ta ƙara gudu don ta cike gurbi. Daidai lokacin koko ke isowa. Na buɗe baki, sai na ji ƙamshin turare a rigarsa. Na rufe.

Lahadi, 16 ga Maris

Ya yi aski. Jiya har tashar jirgin ruwa ya je hira da tsofaffin direbobin motocinsa na kaya. Hajiya, wadda ita ma mijinta ya rasu, ta fara ƙaro ƙosai, wai gyara.

Alhamis, 20 ga Maris

Na taɓa wuyan hannunsa, bugun ya wuce ƙima. Ba da ni za a yi wannan wasa ba. Likita ya haɗa masa da wata ƙwayar mai rage gudun zuciya. A taksi na faɗa masa gaskiya duka. Ya juya yana kallon titi har muka iso unguwarmu, Zongo.

Na yi daidai. Abincin dai ya ƙi shiga mini.

Juma'a, 28 ga Maris

Hajiya na yin sallama ya miƙo mini hannu. "Malama, auna." Na auna. Lafiya lau, ba gaggawa.

"To kin gani. Zuciya a kwance, ni kuma ina nan a kan bakana. Jibi Kawunki Garuba zai kai goro gidan su Hajiya."

Na ce ba a koya mana wannan a Dakar ba.

Da yamma na ratsa babbar kasuwa duba atamfa. Dubawa kawai. Turmin da na sayo, araha ce ta sa.