Akwatin da Muryar Baba Take Ciki

Asabar, 14 ga Mayu, 2022
Akwatin ajiyar bayanan kwamfutar nan zai kashe ni. Da safe lafiya lau, wayata na ganinsa ta waifai. Ina isa wurin aiki a Umdurman, sai ya ɓace daga wayar. In dawo gida unguwar Alsahafa da yamma in same shi yana ƙifta fitila, kamar ba shi ba. Karatun Alƙur'anin marigayi Baba duk yana cikinsa, kasetocin da na kwafa daga gare su kuwa sun lalace.

Litinin, 16 ga Mayu
Na canza igiyar wuta, na canza soket. Banza.

Talata, 17 ga Mayu
Na kai wa Haisam mai gyara. Ya ce faifai biyu ne a ciki, ɗaya ya mutu, zafi ya dafa shi. "Na biyun ma yana hanya, ya Sulafa." Zafi ina? Ɗakin da fanka! Na yi kuka a cikin raksha, keke mai ƙafa uku, ban ma ji kunya ba.

Alhamis, 19 ga Mayu
Na kama ɓarawona! Allahu akbar!
An rufe gada, na juyo gida da hantsi. Teburin da nake ajiye shi wayam. Ɗaga kan da zan yi, sai ga akwatin a saman kabad, igiyoyinsa na reto, an naɗe shi tsaf cikin koren rawanin Baba, ko numfashi ba ya yi. Iya na zaune tana jan carbi.
Na ce, "Iya, wa ya yi wannan?"
Ta ce, "Ni mana. Ba ke kika ce Alƙur'ani na ciki ba? A bar shi tsirara a teburin da ake ajiye kofin shayi?"
Ashe kullum ina fita take naɗe shi, in la'asar ta yi ta mayar, don na ce kada kowa ya taɓa. Na buɗe baki zan yi faɗa, dariya ta ƙwace mini. Injiniyar gidan nan dai ni ce, a rubuta!

Juma'a, 20 ga Mayu
An yi sulhu. Hamuda kafinta, maƙwabcinmu, ya kafa kanta can sama da kan kowa. Rawanin na rataye daga bisa kamar rumfa, iska na shiga ta ko'ina. Iya ta duba, ta ce ba laifi. An sa sabon faifai, komai ya kwafu, ko sura ɗaya ba ta ɓata ba. Yini guda akwatin bai ɓace ba. Har rawa na taka a kicin.

Lahadi, 22 ga Mayu
Iya ta ce tunda ya warke a kunna mata. Ni fa tun rasuwar, ko lokacin kwafar, ban taɓa buɗe sautin ba. Na ce gwaji ne kawai, minti ɗaya.
Baba ya yi gyaran murya kafin bisimilla, yadda ya saba.
Har aka kai ƙarshen Yasin ban tashi ba. Ban san sa'ad da na ja mayafina na rufe kai ba.