Neville Ya Ce wa Banki Ba Laifi

Burnley, 6 ga Oktoba

Mamana,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da Neville da jikarki Tilly. Yaya gwiwar? Ina fata kina shafa maganin da likita ya ba ki, ba ajiye shi kika yi a taga kina kallo ba. Mu dai lafiya lau. Rubutowa na yi saboda na san halinki da waya: in yi ta ihu kina cewa "Na'am?" har maƙwabta su riga ki jin sirrinmu.

Masaƙar dardumar da Neville ke aiki ta rufe ranar Juma'a. Shekara ashirin da biyu, Mama, aka sallame su da takarda da kofin shayi mai sunan kamfani. Kuɗin sallama kuwa wai sai bazara. Kada hankalinki ya tashi. Ina nan da aikina na dafa wa 'yan makaranta abinci, shi kuma har ya cika takardun neman aiki huɗu. Abin da ke neman haukata ni shi ne zamansa a gida. Ya jera mini gwangwanayen wake bisa ranar lalacewarsu, ya yi wa shingen lambu fenti sau biyu, jiya kuma na kama shi yana koya wa Tilly ninke tawul.

Albashina kaɗai ba zai ɗauki bashin gida ba, don haka ya buga wa banki waya su ɗaga mana ƙafa wata uku. Ya ce an gama magana. Na ji sanyi a raina, domin a watan Maris yarjejeniyarmu da banki ta shekara biyar za ta ƙare, sabuwa mai sauƙin kuɗin ruwa kuwa sai wanda sunansa ke tsaf a wurin bankuna. Mu ko da kwana ɗaya ba mu taɓa makara ba.

Ki gaishe mini da kajinki. Ki riƙa kunna na'urar ɗumama ɗaki, ki daina rowa.

'Yarki,
Lorna

Burnley, 9 ga Nuwamba

Mamana,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan sanyin nan bai taɓa miki ƙirji ba. Zuman da kika aiko ya iso, Tilly ta kusa shanye shi da cokali.

Ki nemi kujera ki zauna. Wasiƙa ta zo daga banki cewa ba mu biya na Oktoba ba, kuma an sa mana tabo a tarihin biyan bashinmu. Na kira su ina faɗa, na ce ai mijina ya yi magana da ku. Da yake suna naɗar kowace waya, sai suka aiko mana da hirar a rubuce. Na karanta ta a tsaye a kicin, Neville yana gefe ya yi tsuru-tsuru.

Mama, minti huɗu na farko maganar ruwan sama suka yi. Sannan ya ba yarinyar da ta ɗauki wayar haƙuri don ya dame ta. Ya tambaya, wai a ce mutum yana son ɗan hutu, ana bayarwa? Ta ce ana bayarwa, ta tambaye shi ko yana cikin matsi. Surukinki ya ce, "A'a, ba laifi, muna lallaɓawa." Ta sake tambaya ko wani abu ya canza a wurin aiki. Ya ce, "Ɗan abin da ba a rasa ba ne, akwai waɗanda suka fi mu shan wuya." Ta ce to in yana so za ta aiko masa da takardar da ake cikawa. Ya ce kada ta wahalar da kanta! Ya yi godiya sau uku, ya ajiye waya, ya je da hannunsa ya soke umarnin da ke sa banki cire kuɗin kowane wata. A tunaninsa ta gane, tunda ai mai hankali ba sai an faɗa masa komai ɓaro-ɓaro ba.

Na yi masa tas. Can kuma dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa, don tamkar muryarsa nake ji a takardar. Amma abin ba na dariya ba ne. Tabon nan shekara shida yake yi a sunan mutum. In muka isa Maris a haka, kuɗin wata zai fi ƙarfinmu, sai dai mu sa gidan a kasuwa. Na samo mana ranar ganin su ido da ido. Kafin nan kullum da safe sai ya tsaya gaban tukunyar shayi ya ce mata, "Na rasa aikina," sau goma. Jiya ya kai bakwai, sai ya ba tukunyar haƙuri.

Ki yi mana addu'a.

Taki,
Lorna

Burnley, 18 ga Nuwamba

Mamana abin ƙaunata,

Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da kajin. Tilly ta ce in gaya miki haƙorinta ya fita.

Mun je. Neville ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Matar da ta karɓe mu ta tambaye shi yaya al'amura, na ga bakinsa ya fara haɗa "ba laifi," sai na take masa ƙafa da dukan ƙarfina. Sannan ya kalli teburin ya ce, "Na rasa aikina. Ba ni da abin biya. Ina tsoron a raba 'yata da ɗakinta." Shekara goma sha shida muna tare, ban taɓa jin ya ce yana tsoron komai ba. Matar ta tura masa kwalin hankici, ya tura mini, ni ce ma na yi amfani da shi.

Sun ba mu hutun wata uku, a rubuce wannan karon. Kuɗin ruwa zai ci gaba da taruwa, kuma tabon Oktoba ba zai goge ba, saboda haka wani banki ba zai kalle mu ba na ɗan lokaci. Amma su sun yarda su sabunta mana a Maris ba tare da sun riƙe mu da shi ba. Gidan namu ne, Mama! A hanyar komawa muka sayi soyayyen kifi da dankali muka ci a mota, yana ta ƙorafin na karya masa yatsa.

Sharaɗi ɗaya suka sa: mu biya na Oktoba kafin ƙarshen watan nan. Fam ɗari shida da arba'in ne. Sau biyu na rubuta miki a nan cewa za mu san yadda za mu yi, sau biyu na yaga takardar, don na gane ciwon Neville ne ni ma ke damuna. Gaskiya ita ce ba mu da su, kuma ban san inda zan samo ba. Kunya nake ji kamar in nutse, amma ina roƙonki ki ranta mana zuwa bazara. In ba ki da hali ki faɗa mini kai tsaye, ba zan ji haushi ba. Abin da ban yarda ba shi ne ki ce ba komai, sannan ki kashe ɗumin ɗakinki ki zauna cikin sanyi saboda mu.

Ina jiran amsarki, kowace iri ce.

'Yarki mai sonki,
Lorna