Tawular Yaya Tanimun

Litinin, 2 ga Satumba 2024

Wayar Yaya Tanimun ta faɗa bokitin ruwa. Na buɗe ta a shago, cikinta ya ƙone. Ni da ke gyara wa mutanen Konni waya, ta yayana ta gagare ni.

Ba wayar ce ta dame shi ba, wasan da ke ciki ne. Tawula. A Libiya ya koyo ta: allo, 'ya'ya baƙaƙe da farare, da ƙwayoyi biyu irin na lido da ake jefawa. Tun da ya dawo da ƙafa ɗaya ya zauna gidana, ita ce abokiyar hirarsa.

Talata, 3 ga Satumba

Na ba shi tsohuwar wayata, na saukar masa da tawula ta kyauta. Kafin la'asar ya maido mini. "Wagga ba ta san wasa ba," in ji shi. Kana tsakiyar tunani sai talla ta faɗo, kuma da gangan take bari ka ci ta. Tasa ta saye ce, ba ta talla, in ka yi kuskure ta nuna maka inda ka ɓata.

Na ce to, sai mu sayi wata. Ya juya fuska bango.

Alhamis, 5 ga Satumba

Matata Bushira ce ta fahimtar da ni, don da ita yake magana, ba da ni ba. Duk wasannin da ya yi da Mati suna ajiye cikin waccan. Mati abokinsa, wanda gini ya danne ya rasu a Libiya, ranar da shi Yaya ya rasa ƙafar. Ashe duk zaman nan da yake yi ƙarƙashin dalbejiya ba sabon wasa yake yi ba, tsofaffin yake maimaitawa, jifa bayan jifa. Akwai ɗaya ma da ba su ƙarasa ba.

Ni kuwa kallon ɗan caca nake masa.

Asabar, 7 ga Satumba

Na samu na kwaso abin da ke cikin matacciyar wayar. Komai ya fito, hotuna, lambobi, har wasan. Na sa shi a tawa, ya ƙi buɗewa. Wai an ɗaure shi da wayar da aka saye shi a kanta. Ko an sayi sabo, tsofaffin wasannin ba za su buɗu ba sai da lambar sirrin mai saye. Mati ne ya saya masa, shi ya san lambar.

Talata, 10 ga Satumba

Na aika wa masu wasan saƙo. Na'ura ce ta amsa, ta ce in shigar da lambar sirri.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na hau kabu-kabu zuwa Malbaza wurin Chindo, wanda ya iya fasa irin wannan makulli. Ya yini a kai. Wasan ya buɗe, amma inda tsofaffin wasannin suke fayau, babu komai. Ya ce suna nan, sai dai a dagule suke, ba mai karanta su. Ya yi mini dariya: "Kai da ke tura wa mutane wasanni kyauta kullum, yau ka gamu da masu tsoron irinka."

Ban ji haushinsa ba. Na san don irina aka yi makullin. Amma Yaya bai saci komai ba, kuma shi aka rufe a waje.

Laraba, 18 ga Satumba

Ba ya cin abinci. Fura kawai, ita ma kurɓa biyu. Na gwada masa wata ta kyauta da ake yabo, mai ƙarfi ƙwarai, ba ta talla. Ya yi wasa ɗaya ya ajiye. "Ta iya. Amma ba ta jinkiri inda Mati ke jinkiri."

Lahadi, 22 ga Satumba

Na dawo na tarar ya zana allo a ƙasa, ya jera marafan kwalba da tsakuwa. Wasan da ba su ƙarasa ba ne, ya haddace inda kowane ɗa yake. Ya ce, "Almustafa, zamna nan, jifan Mati ne."

Na ce ban iya ba, Yaya, kuma masu gyara na jirana. Babu wanda ke jirana. Tsoro na ji, ban san na mene ne ba. Da na leƙo daga baya, Bushira ta share wurin, shi ya ce ta share.

Talata, 1 ga Oktoba

Ya koma Tajaye wurin Inna. Ya ce ana girbi, ko korar awaki ya yi daga damman hatsi. A tasha bai kalle ni ba. Wayar ma a kan tabarma ya bar ta.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Kasuwa shiru, wuta ba ta zama. Don kashe lokaci kawai nake taɓa ta kyautar nan, mai ƙarfin. Tana cinye ni kullum, amma na gane yadda ake tare hanya, da lokacin da ake gudu. Ba wai ina son wasan ba ne.

Na ba kafinta katako ya yi allo mai naɗewa. Bushira ta ga ina cusa shi a jaka, ta ce ina zuwa? Na ce gobe zan je gaida Inna.

Ta ce, "To. Ka gaida Inna."