Kwamfutarka Ta Ƙi Tashi, Yaya

Zuwa ga yayana Auwalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarka Binta ce daga Karaye. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, amma shekara biyu da rasuwarka, har yau in na yi ɓarna kai nake fara faɗa wa. To, na yi ɓarna.

Ka san gonar Baba ta Jajaye, wadda matarka Rabi da 'ya'yanka mata biyu suke ci daga cikinta. Bana 'ya'yan maƙwabcinmu sun tuge gambar da ke kan iyaka, sun shigo cikin tamu da kunya goma sha biyu. Dagaci ya sa Alhamis a zauna. Dattawan da suka san iyakar duk sun rasu. Shaidarmu ɗaya ce, bidiyon da Baba yake zagaya gonar yana nuna iyaka da sandarsa, kuma a kwamfutarka kaɗai yake.

Ranar Litinin na kunna ta, fankar ciki ta kama gurnani, kwamfutar ta ɗau zafi ta mutu. Maimakon in shiga motar Kano in kai ta gyara, sai zuciya ta ce min ai ni ƙanwar mai gyara ce. Shekara nawa ina riƙe maka tocila a shagonka? Na shimfiɗa tabarma, na jera notuna a faifai, na buɗe ta, na fitar da dattin da ya toshe fankar, har da ɓawon gyaɗa. Kai ka san wanda yake cin gyaɗa a kanta.

Ina cikin mayarwa sai ga sallamar Gwaggo daga Kafin Dafga. Ka san ba a gaida Gwaggo da sukudireba a hannu, kuma da ta ga kayan mamaci a barbaje da na sha faɗa har magariba. Na kifa murfi, na ɗaure notuna a gurguje, na durƙusa. Ta tambayi gajiya, ta tambayi damina, ta tambayi kowa da sunansa. Sai bayan la'asar ta tafi.

Na danna maɓallin kunnawa. Shiru. Ko ɗan hasken nan na gefe bai ƙyafta ba.

Talata na wuni a kanta. Na gwada cajar a kwamfutar wata malama a makarantarmu, lafiyarta ƙalau. Na cire batir, na danne maɓalli na ƙirga talatin kamar yadda kake yi, na jona ta da caja kaɗai. Babu motsi. Na kai wa mai gyaran waya a kasuwa, ya jujjuya ta ya ce sai dai a yi mata wanki, komai na ciki ya tafi. Fizge ta na yi daga hannunsa.

Rabi ta kira ni sau uku tana tambaya ko na duba bidiyon. Sau ukun na ce mata kwamfuta tana caji. Na ji kunyar ƙaryar nan, amma na kasa gaya mata da hannuna na binne shaidar marayunka.

Yau Laraba, bayan azahar, na zauna ina kallon ta ina jin haushinka don ka tafi ka bar ni da ita. A nan maganarka ta faɗo min, wadda kake yi min in na rikice: “Kada ki zargi abin da ba ki taɓa ba, Binta. Koma inda hannunki ya bi.”

Na sake buɗewa. Na bi duk inda na taɓa, ɗaya bayan ɗaya. Sai ga wata siririyar waya mai faɗi kamar zaren kaset, wadda ta taso daga maɓallin kunnawa, tana kwance a gefen raminta. Na zare ta don in kai ga fanka, sallamar Gwaggo ta mantar da ni. Na tura ta a hankali, na rufe ɗan makullinta da farce, na yi bismillah na danna.

Ta tashi, Yaya.

Na buɗe bidiyon. Ga Baba nan da babbar rigarsa, daga gindin ɗorawa zuwa tsohuwar rijiya, gamba a jere yadda take. Abin da na manta shi ne kai ka riƙe wayar da aka ɗauki bidiyon ranar. Ban shirya ba na ji muryarka daga bayan hoton: “Sake nunawa, Baba, saboda yarana wata rana.”

Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka. Sannan na tura bidiyon a waya uku. Gobe da safe zan hau babur zuwa Jajaye, kai da Baba za ku ba da shaida a gaban Dagaci.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka da na Baba, ya raya abin da ka bari, ya tabbatar wa marayunka haƙƙinsu. Amin.

Taka har kullum,
Binta, mai riƙe tocila.