Raken da Ya Raba Ni da Kiran Salla

Zuwa ga Mai girma Shugaban kwamitin da ke duba maganar gauraya man rake da fetur.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Allah shi ƙara girma.

Sunana Umaru, manomin fadama ne ni a Danchadi, ƙasar Bodinga. Ni ne kuma ladanin masallacin unguwarmu tun gemuna bai gama fitowa ba, har zuwa watan jiya da anka ce in dakata. Saboda maganarku anka dakatar da ni. Shi ya sa na kawo kukana jarida inda kowa zai gani, don na gaji da zuwa ofishinku ana ce mani kun shiga taro.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, ka tuna ranar da kunka zo garinmu bara, bayan an yanke gero, kunka tara mu gindin tsamiyar kasuwa. Da bakinka ka ce akwai ƙasar da motocinta ke tafiya da wani ruwa da ake tatsa daga rake, sunansa itanol, kuma gwamnati na duba yiwuwar kafa doka a riƙa zuba shi cikin fetur. Da kunka tambayi masu son noma raken, ni na fara ɗaga hannu, kuma yau ma in an sake tambaya ni zan fara. Me zai hana? Tun da sukarin waje ya cika kantuna, mazarƙwailarmu ta koma abin lasar yara. Dokin da ke juya mani injin matse rake na sayar da shi, don aikinsa ya daina ciyar da shi. Injin ban ruwa kuwa, sai mutum ya yini a layin mai a Sakkwato ya dawo da galan wayam, albasa na ƙonewa a fadama, ya koma jan jigo kamar kakansa. Ana cikin haka sai ga wanda ya ce abin da ke fitowa gonarmu zai shiga tankin mota, manomi ya samu mai saye. Wallahi ban tsaya dogon tunani ba. Gefen da nake sa albasa na mayar da shi rake, maƙwabta sunka bi ni, har da wasu daga Dingyadi.

Na biyu. Kunka tafi, kunka yi tsit. Gurbin da kunka bari Garba mai galan ya cika shi. Garban nan shi ke sayar da fetur a bakin titi yadda ya ga dama, duk ranar da gidan mai ya rufe, ranar sallarsa ce. Shi ya bi majalisa-majalisa yana cewa ai itanol ɗin nan giya ce tsagwaronta, wai wani direba ya faɗa mishi, kuma ladan guda ya koma yi wa mashaya noma. Garba fa! Mutumin da ban taɓa ganin ƙeyarsa a sahun asuba ba, shi ne yau mai kishin masallaci.

Malam Liman dattijon kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Ya kira ni zaurensa, ga manyan unguwa zazzaune, ya ce shi bai yanke hukunci ba, amma zukatan jama'a ba su kwanta ba. Ko dai in tumɓuke raken in ci gaba da kira, ko in dakata har magana ta fito fili. Yana faɗi yana duban buzunsa, ya kasa ɗaga ido. Na ce na dakata. Rake dai yana nan inda na dasa shi.

Na uku. Ni ba malami ba ne, ban isa in ce halas ko haram ba. Amma ina da tambaya, kuma na yi ta a zauren. Dawar da dukanmu ke nomawa, akwai garuruwan da ake dafa burkutu da ita, wa ya taɓa hana manomin dawa sahun gaba? In an je asibiti, da me ake goge damtsen mutum kafin a yi mishi allura? Kuma kai da kanka ka ce mana tun a masana'anta ake zuba wa ruwan wani abu mai ɗaci, yadda ko mahaukaci ba zai kai shi baki ba, mota kaɗai za ta sha. Na faɗa musu haka, anka ce ina shaidata. Me zan ce? Shaidata na ofis tana taro.

Na huɗu, kuma wannan shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tsohuwata, Inna, idonta ya tafi da daɗewa. Ba ta ganin rana, ba ta san agogo ba, muryata ce ke gaya mata lokacin salla. Tukur da anka sa a madadina mutumin kirki ne, amma muryarsa ba ta ƙetare katangar masallaci. Masu ban ruwa a fadama sai inuwa ta miƙe suke farga azahar ta yi nisa. Inna ta ji shiru, ta tambaye ni ko maƙogwaro ne ya kama ni. Na kawar da zancen. Ta ɗauka shi ne, tun ranar kullum sai ta sa an dafa citta da kanumfari an kawo mani a ƙoƙo. Ni kuma ina karɓa ina sha, ranka ya daɗe, alhali lafiyata ƙalau. Duk surutun Garba bai ƙona mani rai kamar ƙoƙon nan ba.

Don haka ga roƙona, in ma roƙo za a kira shi. Ku dawo gindin tsamiyar nan da kunka tara mu. Ku zo da wanda ya san yadda ake yin wanga ruwa, ku zo da malaman da jama'a sunka yarda da su, a baje magana gaban Malam Liman da rana tsaka. In malamai sunka saurara sunka ce haramun ne, na rantse, da hannuna zan sare raken in kira makiyayan garin Shagari su shigo da shanunsu. Amma don maganar mai galan, ko kara ɗaya ba zan cire ba.

Sannan ku gaya mana gaskiyar dokar. Mu manoma muna goyon bayanta, mun nuna a gonakinmu. In tsuke bakin aljihun da ake ta faɗi a rediyo ya cinye ta, ku fito ku ce ya cinye, mu ba yara ba ne. Ku dai zo kafin rake ya isa yanka, don bayan nan zuwanku gaisuwa ce kawai.

Allah shi ba ka ikon tsayawa kan maganarka, shi tsare ka daga sharrin masu sharri, shi jiƙan mahaifa. Gobe ma Inna za ta aiko da cittarta. Ina so in mayar da ƙoƙon cike, in ce mata ta kasa kunne da azahar.

Wassalam.

Naka,
Umaru Ladan, Danchadi.