Ilu ya zuba burkutu a injina

Laraba da dare, Agiye, gari sai hayaniyar zaɓe

Har yanzu hannuna warin burkutu yake tun da na wanke injina, ga shi na cuɗa da sabulu har fata ta yi zafi.

Ilu ƙanen maigida ya zo da safe aron injin gaz ɗin da yayata ta aiko mini daga Yamai, wanda nake sa wa zobo iska ya zama kamar lemun kwalba. Ya ce, "Matar yaya, zobo za mu yi wa baƙin mitin ɗin partinmu." Na ba shi, har da nuna masa yadda ake dannawa.

Ashe burkutu suka dafa a ɓoye shi da abokansa, wai suna son ta yi kumfa kamar giyar kanti. Yana kwance kwalbar daga jikin injin sai ta yi tsiri, ta jiƙe rigar limamin unguwarmu da ke wucewa. Da aka tambayi ko injin na wa ne, sai Ilu ya ce, "Na Madam Rabi ta lakol ne."

Da la'asar uwar wata ɗalibata a lakol, makarantar da nake koyarwa, ta tsaya a bakin zaure, ta ƙi shigowa. "Madam, kar ki ƙara ba ɗiyata zobonki."

Maigida wai in yi haƙuri, yarinta ce. Yarinta da gemu! Na gaya masa ko Ilu ya je ya faɗa wa liman gaskiya da bakinsa, ko ya nemi wata tukunyar. Kwanon Ilu tun magariba na kife shi.